Alhajin Guwanzu da Tsinke Biyu

Zuwa ga bawana Bakano, mai shagon kayan babur a Aboabo, wanda tun da ya sa ƙafa a Guwanzu ba ya iya magana uku bai ambaci Caina ba. Gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa bawansa. Ina fata cikinka ya lafa. Aljihunka kuwa ba sai na tambaya ba, na san yana nan ƙalau, tunda ba abin da ya taɓa shi.

Da na yi niyyar barin maganar nan a tsakaninmu, saboda darajar furfurar da ta fara fito maka. Sai ga shi ka riga ni kai ta majalisar ataya, kuma ka kai ta a karkace. An ce kana ta ba da labari wai ka kwashi ƙauyawa ka kai su cin abincin Caina, har ka koya wa Bazazzagi riƙe tsinke. To, tunda bainar jama'a ka zaɓa, ga jarida. Mutanen Hausa Zango da Moshi Zango da Sabonjida da Lamashegu su yi mana alƙalanci, in takardar ta kai Kumasi da Nima su ma su sa baki.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne, kai ka yi kira. Ba wanda ya roƙe ka. Muna zaune bayan sallar isha'i, Bagobiri na fifita gawayi, malamin makarantar nan ɗan Dagomba na gardamar ƙwallo da Bamoshensa, ka kafe Haojue ɗinka ka ce, "Ku tashi, yau zan fitar da ku daga duhu." Ba ka ce a yi karo-karo ba, ba ka ce kowa ya taho da nasa ba. Na nanata wannan ne don na san halinka, nan da mako guda za ka ce iska ce ta kaɗa mu can.

Gidan abincin ba zan faɗi sunansa ba, domin ba su yi mana laifin komai ba, abin da aka ce su dafa shi suka dafa. Yana can ta hanyar Bolga, ɓangaren garin da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da malaman jami'ar UDS ke kai albashinsu a rage masa nauyi. Jajayen fitilun takarda a rataye, hoton macijin nan mai ƙafafu da gemu a bango, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Kana shiga ka gyara zaman hula, ka dubi yarinyar da ta tarbe mu ka ce mata "ni hawo". Ta dube ka, ta dube mu, ta ce "aniwula". Malam ɗan Dagomba ne ya amsa mata da "naa" ya fitar da mu kunya. Ba ka daddara ba, ka ce a kira maka Basinen da ke girkin ku gaisa, wai wataƙila ma kun taɓa haɗuwa a can. Ƙasa mai mutum sama da biliyan 1 da miliyan 400, amma Bakano na sa ran ya san kuku. Aka leƙa madafa, sai ga saurayi ɗan Savelugu da tabon salla a goshi. Ya ce a Osu ya koyi aikin, a hannun wani Basine, shekarun da ya yi a Akara.

Bagobiri ne ya yi tambayar da ta kamaci mai gayya ya yi tun kafin ya tara mutane: naman daga ina, kuma me ake zubawa a kaskon? Tambaya ce mai tushe. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar Sin ake cinye shi, girkinsu na asali kuma yakan so kitsensa, yakan so ɗan ruwan giyar shinkafa da ake yayyafawa don kashe ƙarni. Bamoshe ya ce shi tsoronsa jaki ne, tunda ya ga yadda aka riƙa kora jakunan ƙasarsu zuwa Walewale ana yankawa don fatar da Sinawa ke haɗa magani da ita, har sai da Tarayyar Afirka ta haramta cinikin a Fabrairun 2024. Saurayin ya yi dariya ya ce a nan ba ko ɗaya, naman na mahautan garin nan ne. Muka yi hamdala. Kai kuwa ka ce ai dama duk abincin Caina halal ne in ban da kare.

Alhaji, da ka yi shiru. Musulmin Sin sun haura miliyan 20, kuma da yake sun san abin da ke cikin tukunyar maƙwabtansu, gidajen abincinsu daban suke, da koren allo a ƙofa mai shaidar halal. 'Yan ƙabilar Hui ne suka yi suna da taliyar nan ta Lanzhou, wadda ake ja da hannu a zuba mata romon naman sa. A Guwanzun da kake taƙama da shi akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, akwai kuma unguwar Xiaobei inda 'yan kasuwar Afirka ke sauka, cike take da irin waɗannan gidajen. Na tambaye ka ko ka ci taliyar, ka ce ba ka samu sukuni ba. Yaron shagonka ya riga ya gaya mana gaskiya: da garin rogo da shito da kilishi ka tafi, da ragowarsu ka dawo.

Aka kawo takardar abinci mai shafi-shafi, kowane abu da lambarsa. Can baya har da jalof, da banku da karfasa, da fiza, abin da ya nuna masu gidan sun fi ka sanin Tamale. Ka hana kowa taɓawa, ka ce a bar wa wanda ya san ƙasa. Sai ka shiga kiran lambobi da ƙarfi, ba ka karanta sunan abincin, ba ka duba farashinsa. Ranar ce aka fara ganin Bakano ya sayi abu bai taya ba, kuma da mun gane dalili da tun a lokacin muka tashi.

Yanzu mu zo kan miya, domin a nan ne Allah ya saka wa Zazzagawa. Shekara nawa kana zagina da fate? A ɗaurin aure ka zage ni, a wurin suna ka zage ni, har a gidan makoki ka taɓa raɗa mini cewa mamacin da bai sha fate ba da ya ƙara kwana. Kakana ya bar Zariya tun ana zuwa Gwanja a ƙafa, amma ba ka fasa cewa jininmu tsaki ne da yakuwa ba. To, me aka fara ajiye mana? Ƙananan kwanoni, a ciki wani abu mai kauri, fari-fari, ƙwayoyin masara na yawo, an kaɗa ƙwai ya yi zare-zare, ga 'yan tsilli-tsillin kaza. Kaurin ma na sitacin masara ne. Masara a sama, masara a ƙasa, a sha da cokali. Jama'a, in wannan ba fate ba ne, mene ne? Fate ne da aka tare a hanya aka yi masa fashi, aka ƙwace masa rama da yakuwa da gyaɗa da daddawa da attaruhu, aka sako shi tsirara. Ka lumshe ido ka shanye, ka kankare gindin kwano, ka jawo na Bamoshe da ya ce shi ba ya shan kunu da dare, shi ma ka shanye. Ka goge baki ka ce, "Kun ji abincin masu hankali." Na gode, Alhaji. Shekara da shekaru ina neman shaida, ka ba ni ita a gaban adilai uku. Ashe ba faten kake ƙi ba, jira kake a sa masa lamba.

Sai babbar baƙuwa, soyayyiyar shinkafa, wadda ka kusa miƙewa tsaye don tarbarta. Bari in gaya maka abin da ba a gaya maka a Guwanzu ba, tunda Zariya aka sani da karantarwa kyauta. Asalin wannan abinci dabarar uwar gida ce da ba ta son zubar da saura. Shinkafar jiya ake nema, wadda ta kwana ta sha iska, domin sabuwar dahuwa tana da ruwa a jiki, in ta shiga mai sai ta dunƙule ta caɓe. A ɗora kasko mai zurfi a wuta mai ƙarfi, a fasa ƙwai, a watsa duk abin da ya rage a madafa, albasa ce, karas ne, guntun nama ne, a ɗiga baƙin ruwan waken soya, a juya da sauri a sauke. Birnin Yangzhou ya yi suna da tasa har ta shiga manyan liyafa, amma tushen bai sauya ba. A gidanku sunan wannan ɗumame, kuma ranar da Hajiya ta kawo maka shi da dare sai da unguwa ta ji muryarka. Ita ce kuma cek-cek ɗin da samari ke soyawa a bakin titi daga Sakasaka har Kalpohin, a zuba maka kabeji da shito da cinyar kaza, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma, shinkafar nan mai ƙamshi da gidajen abinci ke so, akasarinta daga Biyetnam da Tailan ake shigo da ita, alhali manoman Nasia da Bontanga da kwarin Fumbisi na neman mai saye. Malamai na jayayya a kan ingancin maganar nan ta neman ilimi ko da a Sin ne, amma ko waɗanda suka karɓe ta, ilimi suka ce a je nema, ba kwanan shinkafa ba.

Yarinyar ta ajiye cokula, ka ture su gefe ka ce a kawo tsinke. Aka kawo a cikin 'yar takarda, manne da juna. Ka yi ta jujjuya su kana neman inda ake kunnawa, sai da ta raba maka. Ka kai hari, shinkafa ta watse. Ka sake kaiwa, ƙwara biyu suka hau, ɗaya ta sauka a hanya, ɗaya ta shige hannun riga. Ka bi wata ƙwayar koren wake daga wannan gefen faranti zuwa wancan kamar yaron da aka sa kamun 'yan tsakin zabo a fako. Da ka gaji sai ka dunƙule tsinke ɗaya a hannu ka soke tsokar kaza, ka ɗaga ta sama kana murmushi. Wannan ai tsire ne, kuma mai cincinga na bakin tasha ya fi ka iya shi. Can kuma ka kafa tsinken biyu a tsaye a tsakiyar shinkafa don ka gyara hula. Da akwai Basine a wurin da ya tashi, domin a wurinsu haka ake kafa wa mamaci turaren tsinke, ba a yin haka a teburin masu rai.

Ga abin da zai ƙona maka rai: Sinawan da kansu ba sa shan wannan wahalar. Tsinken ya fi shekara 3,000 a hannunsu, kuma girkin ne aka daidaita da shi. A yanka komai ƙanana tun a madafa, ya dahu da wuri, itace ya yi auki, ba a bukatar wuƙa a wurin ci. Shinkafarsu ta yau da kullum tana da ɗan danƙo, a ƙaramin kwano ake zuba ta, a ɗaga kwanon zuwa baki a tura da tsinke. In aka kawo soyayyiya mai warwara a shimfiɗaɗɗen faranti, cokali suke ɗauka, ba wanda zai ce sun yi abin kunya. Wato yaƙin da ka kwana kana yi, masu ƙasar ma ba su shiga ba.

Mu dai mun wanke hannu mun yi bismilla. Bagobiri ya ɗanɗana kazar nan mai jar miya, mai zaƙi da tsami, ya ajiye, ya ce tun da yake bai taɓa jin an yi wa kaza alewa ba. Ka ce haka 'yan Caina duka ke ci. Wane duka? Mutanen arewacinsu alkama suka fi ci, taliya da dafaffen burodi, na kudu su ne na shinkafa, na Sichuan kuwa yajinsu sai ya sa Bagobirin nan hawaye. Abin da ya fi yawo a duniya girkin 'yan kudu ne, na yankin Guwanzu da Hon Kon, kuma duk ƙasar da ya sauka sai an gyara shi daidai da harshen mutanenta. Malam ɗan Dagomba bai shiga gardamar ba. Hannu ya ɗaga aka kawo shito, ya bi kowane faranti ya shafe. Sai a lokacin abincin ya san a Gana yake.

Ka tuna a 2019 Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan Caina? Mutumin nan ya zo garinku, ya sa babbar riga, ya zauna aka naɗa masa rawani, rawanin bai faɗi ba. 'Yan uwansa sun koyi ciniki a Kantin Kwari har sun fi ku sanin zanen atamfar da matanku ke so. Su sun zo sun karance ku tsaf. Kai ka je ka dawo, ko itace biyu ba ka iya riƙewa ba.

Kuma wai duhun da za ka fitar da mu, wane duhu? Mutumin Tamale ba ya bukatar jar fitila kafin ya ga Sin. Filin wasan da ake kira Aliu Mahama yanzu, kamfanin gine-gine na Shanghai ne ya gina shi don gasar cin kofin Afirka ta 2008. Gadar saman da ta ratsa tsakiyar gari, wadda Shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya buɗe a watan Maris na 2022, aikin Sinohydro ne. Babur ɗin da ka hau, da Apsonic ɗin yaronka, da kowane noti da ke shagonka, daga can suke. Wannan ƙarfe da siminti ke nan, mu koma maganar ciki. Shayin da Bagobiri ke dafa mana kullum, ka taɓa juya kwalinsa ka karanta? Koren ganyen Sin ne, lambobin nan 4011 da 41022 da ke jiki matakan ganyen ne a wurin masu fitar da shi, kuma Gana na cikin ƙasashen da suka fi sayensa, Maroko ce ke gaba. Kowane dare kana sha tun daga na farko mai ɗaci har na ƙarshe mai zaƙi, ba ka taɓa sayen sukari ba.

Sai awara. Tana cikin takardar da wani suna, ka kira lambarta, aka kawo ta tana iyo a baƙin romo, ka ce wannan sai manya. Alhaji, waken soya ne aka jiƙa, aka markaɗa, aka tace, aka dafa, aka zuba masa tsami ya kama jikinsa. Sinawa sun fi shekara 1,000 suna yin ta. A wajenmu ta bazu ne bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage da koya wa mata sarrafa waken soya a shekarun 1980, matanmu suka karɓe ta, suka yi mata ruwan tsami da yaji, suka soya ta ta yi ƙus-ƙus. Waken kuwa a duk Gana nan arewa aka fi noma shi, a gonakin su Karaga da Gushegu da Yendi. Yarinyar da ke tallarta a ƙofar shagonka, a soke a tsinke, kullum sai ka ce ta ƙara maka gyara. Ita ce jakadiyar abincin Sin ta gaskiya a Aboabo, kuma har yau tana bin ka na ranar Talata.

Duk wannan da sauƙi. Rashin iya tsinke ba zunubi ba ne, shan fate kuwa shiriya ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da aka kawo 'yar jakar fatar nan mai takarda a ciki.

Sidi 860. Bamoshe, wanda har yau bai yarda da canjin kuɗin 2007 da aka yanke sifiri huɗu ba, ya lissafa da tsohon kuɗi ya ce miliyan 8 da dubu 600, ya yi salati. Kai kuwa sai ga Bakanon asali ya dawo jikinka. Ka sa tabarau, ka bi layi-layi. Ka ga harajin VAT ka ce wannan na waye. Ka ga na inshorar lafiya ka ce kai lafiyarka ƙalau. Ka ga na asusun ilimi ka ce 'ya'yanka Islamiyya suke. Ka ga kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido ka ce a Tishigu aka haife ka, wane yawo? Ka dubi yarinyar ka ce, "Nawa za ki bari?" Ta ce ba a tayi. Ka ce ko a kasuwar Kurmi ana tayi, wai nan ya fi Kurmi ne? Sai wayarka, wadda ba wanda ya ji ƙararta, ka kara ta a kunne ka ce kwantena ta iso Tema, ka fita. Muka jira. Ka leƙo ka ce za ka kewaya. Muka jira. Ka dawo ka ce za ka tura kuɗin ta waya, wato momo, ka daddanna, ka ɗaga wayar sama kana neman sabis, ka ce layi ya ɗauke. Layin da yanzun nan ka gama magana da Tema a kansa. Ka sake fita wai ko a waje zai kama.

Ƙasar nan ta san mutumin da ya rasa kujerarsa a tafiyar Sin. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 Kwame Nkrumah ya sauka a Beijing, kan hanyarsa ta zuwa Hanoi neman sulhun yaƙin Biyetnam, a can aka gaya masa sojoji sun karɓe mulki a gida. Bai ƙara zama a kanta ba, Konakiri ya koma da zama. Amma shi ƙwace masa aka yi. Kai da ƙafarka ka bar taka, a kan kuɗin miyar masara.

Bari in yi maganar gaske kaɗan, ko da yake na san a kunnen Bakano maganar da ba riba a cikinta iska ce. Cin abinci tare da abokai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka bi hanyar goro zuwa Salaga, suka watsu bayan yaƙin basasar 1892, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji da Kintampo, wasu kuma suka taho nan bayan Turawa sun mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, da ciyayya suka rayu. Magariba ta yi, kowane gida ya fito da akushi ƙofar zaure, a haɗa, mai shi da marar shi su sa hannu, baƙon da ya sauka yau ba a tambayarsa ko anini. A lokacin magidanci ya tsaya ci a kasuwa ma abin kunya ne, sai gwauro da matafiyi. Yau gari ya buɗe, abokai na haɗuwa a gidan abinci, ni ban ga aibin wannan ba. Wata rana mutum na so ya ci abin da ba tuwo ba, ya zauna inda ba sauro, ya yi hira ba yara na hawa kansa. Sabon abu ɗaya ne ya shigo, takardar kuɗi, dokarta kuma tsohuwa ce: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Masu karo-karo tun a gida suke faɗa, kowa ya san da nawa zai fito.

Abin dariyar shi ne, a wannan fannin Sinawa 'yan uwanmu ne. A tsakiyar tebur ake jera abincinsu, kowa ya miƙa hannu, babba ya fara, mai gayya ya riƙa tura wa baƙo tsoka mai kyau. Ciyayya ce, kujeru kawai aka ƙara mata. In aka zo biya kuwa kokawa ake yi, wannan ya riƙe hannun wancan, wani ya ce zai kewaya ya lallaɓa ya biya a ɓoye, domin a wurinsu wanda ya gayyata ya bari baƙonsa ya biya ya zubar da mutuncinsa. Ka lura? Su ma suna tashi su ce za su kewaya. Bambancin, su in sun dawo an riga an biya. Ka ɗauko rabin al'adar, wato tashin, ka baro rabin a can. Ko kwastan ne suka riƙe shi a Tema?

Malam ɗan Dagomba ne ya biya. Malamin firamare, mai jiran ƙarshen wata. Ni da Bagobiri muka zazzage aljihu muka tara masa abin da ya samu. Bamoshe bai ko motsa ba, ya ce shi jikan Dagomba ne, tunda tarihin bakinsu ya ce uwar kakan Mosawa, Yennenga, 'yar sarki ce daga Gambaga, kuma ba a taɓa jin jika ya ciyar da kaka ba. Malam ya ce Bamoshe dama kaya ne da Allah ya ɗora wa Dagomba, ya biya har da nasa. Ka ga masu wasan da suka san ƙa'ida, shi ya ci da hujja. Kai da wace hujja ka ci? Kana hango an rufe jakar sai layi ya dawo. Ka shigo ka zauna ka ce, "Haba, ai da kun bari." Sannan ka kira yarinyar ka ce a ƙunshe maka sauran shinkafar, Hajiya ba ta taɓa ci ba. Baiwar Allah, ta sha faɗa a kan ɗumame, yau an kai mata ɗumamen ɗumame a matsayin tsaraba. Tsinken ma ka goge ka sa a aljihu, an ce suna shago kana motsa shayi da su.

Da muka fito ba wanda ya ƙoshi. Muka tsaya wajen mai gasa zabo a bakin titi, aka barbaɗa yaji da ƙuli, aka yanka albasa. Nan ma ka ci cinya biyu ka ce kuɗin jikinka manya ne, ba za a samu canji ba.

Na san amsar da za ka aiko. Za ka ce Bazazzagi sai baki, ya cika shafi da tarihi don aljihunsa ba komai. Za ka ce a Zariya in an gayyaci mutum sai a cika shi da Larabci da Turanci ya kwana da yunwa. Za ka kawo maganar gurasa da bandashe, ka manta Larabawan da suka zauna a birninku ne suka koya muku ita. Rubuta duk abin da ka ga dama, edita zai ba ka fili. Amma a layin farko ka gaya wa jama'a wa ya yi kira, wa ya biya.

Majalisa ta zauna ba ka nan ta yanke hukunci, ni aka ba isarwa. Sidi 860 cif za ka kai wa malam har makaranta, da hannunka, shi zai mayar mana da namu. A ɗora da na mai awara. Kuɗin sharata na Cika-ciki, wanda ka ce in jira sai Dagomba sun gama wasan wutar Bugum, an yi Bugum har an share toka ban ga komai ba, shi ma a haɗa. Ranar Juma'a bayan isha'i kuma ciyayya a ƙofar gidanka: tuwo zafi, miyar ayoyo, zabo, duk daga aljihunka. Ni zan zo da fate na gaske, mai rama da gyaɗa, ka sha a gaban shaidu, in ka so da tsinken naka. Bagobiri ne zai riƙe wayarka har a tashi. Ka tanadi kuɗi a hannu, majalisa ba ta karɓar momo.